Darasi na 14: Doguwar Tafiya a Kan Keke a Ƙasar Tudu da Kwari

Abin da za a koya

A wannan darasi za mu ga yadda mutum zai tashi daga Kaduna a kan kekensa, ya ratsa ƙauyuka da gindin duwatsu, ya kuma dawo gida lafiya. Akwai karatu a ciki, akwai tarihi kaɗan, akwai lissafi. Mai keke ya zo da shi aji, domin akwai abin da za mu ƙirga a jikinsa.

Keke ya dawo kan titi

Ranar 29 ga Mayu, 2023, aka sanar da cire tallafin man fetur. Kafin mako ya zagayo, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, kuɗin mota ma ya bi ta. Daga nan kekunan da aka jingine a zaure shekara da shekaru suka fara fitowa. Ka tsaya a Kawo ko a bakin titin Ali Akilu da sassafe, za ka ga magina da masu gadi da 'yan makaranta da 'yan kasuwar Panteka suna ta murza feda. Yawancinsu zirga-zirgar cikin gari suke yi, daga Hayin Banki zuwa Kasuwar Gumi, ko daga Badarawa zuwa Tudun Wada. To, ƙafar da ta saba da wannan kullum ta riga ta yi rabin shirin tafiya mai nisa.

Iyayenmu sun yi irin wannan tafiya. Keken da muka sani, mai ƙafafu biyu daidai da juna da sarƙa mai juya ta baya, wani Bature mai suna John Kemp Starley ne ya fito da shi a garin Coventry na Ingila a 1885. Bayan shekara uku John Dunlop ya kawo taya mai iska. Da keke ya iso ƙasar nan sai ya zama dokin ma'aikaci. Malamin makaranta, malamin gona, duba-gari, da masu zagayen duba azuzuwan Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, da yawansu a kan baƙin Raleigh suka san lungunan ƙasa. Kasuwarsa ta yi ƙarfi har kamfanin ya kafa masana'anta a Bompai cikin Kano. Kekunan nan ba su da giya, hanyoyin kuwa burji ne, wayar hannu babu ita. Duk da haka suna zuwa suna dawowa, saboda sun san hanya, sun iya gyara da hannunsu, kuma ba sa gaggawa.

Har yau akwai masu yi. A 2023 wani matashi ɗan ƙasar Gini, Mamadou Safayou Barry, ya hau keke da niyyar zuwa Jami'ar Azhar ta Masar neman ilimi. Ya ratsa Mali, Burkina Faso, Togo, Benin da Nijar har Chadi, kimanin kilomita 4,000 cikin wata huɗu, an ma tsare shi a hanya fiye da sau ɗaya. A Chadi ne masu taimako suka haɗa masa kuɗin jirgi zuwa Alƙahira, jami'ar kuma ta ba shi gurbin karatu kyauta. Ba a ce kowa ya yi irin tasa ba. Mu namu ya fi kusa: gona, ziyarar dangi, cin kasuwar ƙauye, ko ganin ƙasa kawai, wanda shi ma ilimi ne.

Ƙasar da za ka ratsa

Wanda ya saba shiga mota yakan ɗauka ƙasar Kaduna shimfiɗaɗɗiya ce. Mai keke ya san ba haka ba ne. Idan aka auna daga bakin teku, garin Kaduna ya ɗaga da kimanin mita 600. Zariya ta ɗara haka kaɗan. Jos kuwa ta kai mita 1,200, wato ninkin Kaduna. Kogin Kaduna daga tsaunukan Jos ya taso, ya gangaro ta nan, ya wuce ya faɗa kogin Kwara. Saboda haka duk wanda ya nufi gabas, ta Mararrabar Jos zuwa Pambeguwa, Saminaka da Jengre, ruwa yake bi zuwa mafarinsa, wato hawa yake yi ko da idonsa bai gani ba.

Hawan kuma ba a tsaye yake tafiya ɗaya ba. Ƙananan rafuka sun yanka ƙasar, kowanne da kwarinsa. Ka gangara, ka haye gada, ka hau, ka sake gangarawa. Ka riƙe wannan: duk inda ka hango gada ko kwalbati, gangara ce ta kai ka, hawa ne kuma yake jiran ka a tsallake. Ko a cikin gari haka abin yake. Titin da ya nufi kogi daga Malali ko Unguwar Rimi ko Kabala yana da daɗin zuwa, dawowar ce ke sa gumi.

A kan wannan ƙasa mai tudu da kwari ne manyan duwatsu suka tsaya ɗaiɗai. Akwai Kufena a yammacin Zariya. Akwai duwatsun Turunku, hedikwatar ƙaramar hukumar Igabi, inda tarihin Zazzau ya ce Bakwa Turunku ta zauna kafin a koma wajen Kufena, kuma ita ce ake cewa ta haifi Sarauniya Amina. Har yanzu ana ganin kufan tsohon garin a gindin dutse. A kudu da kogi akwai duwatsun Kajuru, can gaba kuma tsaunin Kagoro kusa da Kafanchan. Abin takaici ne a ce an haifi mutum a Kawo, ya yi furfura, bai taɓa ganin Turunku ba, alhali maƙwabciyarsa ce.

Iska ma tana cikin lissafi. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, daga arewa maso gabas take busowa. Mai zuwa Zariya ko Turunku a lokacin zai sha ta a fuska wajen tafiya, ta turo shi ta baya wajen dawowa. Wannan alheri ne, domin wuyar ta zo lokacin da ƙarfinsa yake cike. Da damina iskar takan juya ta fito daga kudu maso yamma, ga taɓo, ga rafukan da kan cika cikin Agusta da Satumba. Maris da Afrilu kuwa zafi ne mai kayar da ƙato. Lokacin da ya fi dacewa da mai koyo shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa Janairu, bayan an ɗauke ruwa, hanya ta bushe, amfanin gona ya shigo kasuwa.

Lissafin haƙora

Nan ne zuciyar darasin, sai a natsu.

Ka duba kekenka. Sarƙa tana kewaye da faranti biyu masu haƙora: babba a gaba wajen feda, ƙarami a baya jikin ƙafa. Yawan haƙoran nan shi ke yanke hukuncin ko za ka hau tudu a zaune ko za ka sauka ka tura.

A ce farantin gaba yana da haƙora 44, na baya 22. Ka raba 44 da 22, ka sami 2. Ma'ana, duk juyi ɗaya na feda ƙafar baya za ta juya sau biyu. Ƙafar babban keke mai inci 28 tana cin ƙasa kimanin mita 2.2 a juyi ɗaya. Sau biyu kenan mita 4.4. Idan kuwa na bayan haƙora 18 ne, 44 a raba da 18 ya kusa biyu da rabi, juyi ɗaya zai kai ka wajen mita 5.4. A miƙaƙƙiyar hanya wannan ya fi gudu. A kan tudu kuwa shi ne wahala, domin da juyi ɗaya kake so ka ɗaga kanka da kekenka da kayanka tsawon mita biyar da ɗoriya.

Yanzu dubi keke mai giya, irin na gwanjo da ake kawowa. Yana da faranti biyu ko uku a gaba, shida ko bakwai ko fiye a baya. Ka sa sarƙa a kan ƙaramin gaba mai haƙora 24, da babban baya mai 28. Ƙafarsa mai inci 26 ba za ta cika juyi ɗaya ba ma, ƙasar da za ka ci ba ta kai mita biyu ba. Tafiyar ta ragu, amma fedar ta yi laushi, sai ka hau tudun kana numfashi daidai. Aikin bai ragu ba, an dai rarraba shi ne ƙanana-ƙanana yadda gwiwa za ta iya ɗauka.

Abin da wannan lissafi ya koya mana: mai keke marar giya da ke son shiga ƙasar tudu ya je wurin mai gyara a sa masa farantin baya mai haƙora 20 ko 22. Kuɗinsa kaɗan ne, wani lokaci sai an ƙara wa sarƙa gaɓa ɗaya ko biyu. Mai giya kuma ya koyi sauyawa tun kafin hawan ya kama shi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bari sai feda ta yi tauri a tsakiyar tudu sannan a murɗa giya da ƙarfi. A nan sarƙa ke zamewa ko ta tsinke. Ka sauya tun kana gindin tudu, ƙafarka tana juyawa a hankali ba tare da dannawa ba.

Samari kan ɗauki giya mai tauri a matsayin jarumta. Wannan kuskure ne, gwiwa ce ke biyan kuɗinsa daga baya. Haka ma sirdin da ya yi ƙasa. Ga yadda ake auna shi: ka zauna, ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa. In ƙafarka ta miƙe sosai, tsayin ya yi. In gwiwa ta lanƙwashe, a ɗaga sirdi.

Idan tudu ya fi ƙarfinka, sauka ka tura. Babu abin kunya a ciki. Wanda ya tura ya isa da sauran ƙarfinsa ya fi wanda ya dage ya ƙare a rabin hanya.

Gangara ta fi hawa haɗari

Hawa gajiya yake kawowa, gangara kuwa asibiti. Direbobi sun san labarin Hawan Kibo a hanyar Jos, amma ko ƙaramar gangarar rafi ta isa ta karya mutum in birkinsa ya mutu. Kafin ka saki keke, taɓa birki biyun ka ji sun kama. Na gaba shi ya fi tsayar da keke, sai dai in ka damƙe shi shi kaɗai da ƙarfi zai iya wurga ka ta kan kai, a kan tsakuwa kuma ya zame da kai. Ka kama su tare, kana matsawa kana saki, ka ja jikinka baya a kan sirdi. Ka rage gudu kafin kwana, kada ka bari sai kana cikinta. In ƙafar keke ta jiƙe, musamman ta ƙarfe irin ta tsofaffin kekuna, birki yakan yi jinkirin kamawa ƙwarai.

A ƙasan gangara ne yashi ke taruwa, nan ne kuma ramuka suke, a bakin gada. Wurin da gudunka ya fi yawa shi ne wurin da hanya ta fi lalacewa.

A kan kwalta ka bi hannun dama, kamar yadda dokar ƙasa ta tanada tun Afrilun 1972, kada ka yi gaba da gaba da motoci. Babbar hanyar Zariya motoci na gudu a kanta sosai, a Mararrabar Jos kuma tireloli da tankoki kan yi fakin a gefen titi su tilasta maka shiga tsakiya. Ka waiwaya kafin ka kauce musu, in cunkoso ya yi yawa ka sauka. Sa riga mai haske da hular kwano. Idan haɗari ya faru, lambar kiran Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122.

Ruwa da guzuri

Mai keke yana zubar da gumi fiye da yadda yake zato, musamman da hunturu da iska ke busar da shi nan take. Kada ka jira ƙishirwa. Ka riƙa kurɓa a kai a kai, wajen rabin lita a kowace awa, fiye da haka in ana zafi. Fitsari shi ne ma'auni: in ya yi ja ya ragu, ruwan jikinka ya yi ƙasa. In ka ji jiri, ciwon kai, ko tsoka tana ɗaurewa, nemi inuwa ka haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ya fara sambatu ko ya suma, a jiƙa masa jiki a nemi mota zuwa asibiti ba tare da ɓata lokaci ba. Mai hawan jini, ciwon zuciya ko ciwon sukari ya ga likita kafin ya fara doguwar tafiya.

Guzuri ba sai mai tsada ba. Dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, ayaba, garin kwaki da sukari, duk sun isa. Ci kaɗan-kaɗan ya fi cika ciki da tuwo sannan a fuskanci tudu. Kaya kuma a ɗaure su a kariya, masu nauyi a ƙasa, a raba su dama da hagu. Jaka a baya tana gajiyar da kafaɗa, kowane kilo da ka ƙara kuwa kai za ka hau da shi.

Gyara a bakin hanya

A cikin gari ba ka rasa mai faci. A daji kai ne mai facin kanka, ga ƙaya ga tsidau. Kada ka fita ba famfo, tif na ajiya, faci da sholisho, samfefa, sifana da ta dace da notocin kekenka, filaya, da ɗan mai na sarƙa.

In taya ta sace, ciro tif ka ba shi iska, ka tsoma a ruwa ko ka kara kusa da kunci har ka gano hujin. Ka busar da wurin, ka goge da samfefa, ka shafa sholisho sama-sama. Sai ka jira ya sha iska har ya daina ƙyalli kafin ka manna facin ka danne. Masu gaggawa a nan suke faɗuwa, su manna a jiƙe, facin ya ɗago bayan kilomita ɗaya. Kafin ka mayar da tif, shafa yatsa a hankali cikin taya ka ciro ƙayar da ta yi ɓarnar, in ba haka ba za ta sake. Sholishon nan kuma a ɓoye shi daga yara. Mun san yadda shaƙarsa ta lalata 'ya'yan mutane a unguwanninmu.

Labarin hanya

Dole a faɗi gaskiya. A shekarun nan 'yan bindiga sun addabi sassa da dama na jihar Kaduna: hanyar Birnin Gwari, da wasu yankunan Chikun, Giwa, Igabi da Kajuru. A Afrilun 2019 an kai hari gidan dutsen nan na Kajuru da wani Bajamushe ya gina, inda masu yawon buɗe ido ke sauka, aka kashe mutum biyu. Al'amarin yakan lafa a wani wuri ya tashi a wani, don haka littafi ba zai iya gaya maka hanyar da ke da lafiya yau ba. Masu bin ta kullum ne za su gaya maka. Je tashar Kawo ka tambayi direbobi. Ranar Talata da kasuwar Kawo ke ci, mutanen ƙauyuka suna shigowa, ka tambaye su. Ka kira wanda za ka je wurinsa. In mutum biyu suka ce maka a dakata, ka dakata. Babu dutsen da ganinsa ya kai ranka.

Kada ka tafi kai kaɗai, ku zama uku ko huɗu. A gida a san inda kuka nufa da lokacin dawowarku. Ka riƙe katin shaida da waya mai caji. A shingen jami'an tsaro ka sauka ka yi gaisuwa, kada kuma ka ɗauki hoto kusa da barikin soja irin na Jaji.

In kun shiga ƙauye, ku rage gudu, ku yi sallama. Idan za ku hau dutse ko ku kwana, ku fara zuwa wurin mai unguwa ko dagaci: "Ranka ya daɗe, baƙi ne daga Kaduna, mun zo ganin gari." Wannan gaisuwa ita ce ke sa a san da ku, a haɗa ku da ɗan rakiya, a gaya muku inda ba a zuwa. Ƙasar nan ta mutane ce iri-iri, Gbagyi a kewayen Kaduna, Adara a Kajuru, Kurama wajen Saminaka, Fulani a rugage, Hausawa ko'ina, kowa da abin da yake girmamawa. Kada ku ratsa gonar mutum, kada ku tsinki abin da ba ku shuka ba. In kun haɗu da garke a burtali, ku tsaya ya wuce.

Lissafin lokaci

Mai keke da kaya a irin wannan ƙasa yakan ci kimanin kilomita 12 a awa. Daga Kaduna zuwa Zariya wajen kilomita 80 ne, kusan awa bakwai kenan a kan sirdi, ban da hutu da salla da faci. Wanda ya tashi bayan asuba zai shiga Zariya wajen la'asar. Wannan ba tafiyar farko ba ce. Mai koyo ya fara da zagayen Dandalin Murtala da gangaren kogi na mako biyu ko uku. Sannan ya gwada Rigachikun ya dawo. Sannan Mararrabar Jos, kimanin kilomita 20 daga Kawo, 40 kenan zuwa da dawowa. Sannu ba ta hana zuwa.

Da hunturu rana tana faɗuwa jim kaɗan bayan ƙarfe shida. Ka ƙirga awannin da kake da su daga fitowarka zuwa ƙarfe biyar, ka raba biyu. Da rabin farko ya cika, ka juya, ko ka isa ko ba ka isa ba.

Tambayoyi

1. Me ya sa mai zuwa Saminaka daga Kaduna yake hawa ko da hanya ta yi kamar a shimfiɗe take?
2. Farantin gaba yana da haƙora 48, na baya 24. Sau nawa ƙafar baya za ta juya a juyi ɗaya na feda? Mita nawa kenan a keke mai inci 28?
3. Wane lokaci ya kamata a sauya giya, kuma me ya sa?
4. Faɗi yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari.
5. Mutum ya fito ƙarfe bakwai na safe, yana so ya dawo ƙarfe biyar na yamma. Ƙarfe nawa zai juya? In yana cin kilomita 12 a awa, kuma ya huta awa ɗaya kafin ya juya, kilomita nawa zai yi nisa da gida?
6. Su wa za ka tambaya labarin hanya kafin ka tashi?

Aikin gida

Ka ƙirga haƙoran farantin gaba da na baya na kekenka, ko na maƙwabcinka, ka rubuta su a littafinka tare da lissafin mitocin da yake ci a juyi ɗaya. Sannan ka sami wani dattijo a unguwarku da ya taɓa doguwar tafiya a kan keke, ka tambaye shi inda ya je, hanyar da ya bi, da abin da ya ɗauka. Ka rubuta abin da ya gaya maka cikin layi goma, ka zo da shi aji na gaba mu karanta tare.